Shuɗin Kebul a Gidan Ƙyanƙyasa

Talata, shida da rabi na yamma. Ƙwai kwana goma.

Ranar Juma'a da safe, wajen bakwai da kwata, na shiga ɗakin kwamfuta da tsintsiya da tsumma, na ga shuɗin kebul kwance a ƙasa a bayan tebur. An naɗe kansa da jan salatef, ƙura ta manne wa salatef ɗin har gefensa ya yi baƙi. A bayan kwamfutar akwai rami guda da ba komai a ciki, daidai girman kan kebul ɗin. Da na fito, kebul ɗin ba ya ƙasa. Kuma ba ni kaɗai ba ne a ɗakin. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan Juma'a.

Wannan littafin na lambobin tiren ƙwai ne, na juya shi ta baya. A aji huɗu na tsaya da makaranta, wanda ya tsinta ya yi haƙuri da rubutun. Gara ma kar a tsinta.

Aikina a gidan ƙyanƙyasa jera ƙwai, wanke tire, share ɗakuna. Tsaf-tsaf suke ce mini, don ba na iya wuce abu a karkace. Mijin yayata, Injiniya, shi ya samo mini aikin, kuma a gidansa nake kwana, ɗakin bakin ƙofa. Shi ke kula da injunan ƙyanƙyasa huɗu da kwamfutar da ke sa musu ido. In zafin inji ya sauka, sai ta tura saƙo wayarsa da ta Manaja. Shi ya sa tun bara aka soke zagayen Lahadi.

Ranar Asabar da yamma hitar da ke ɗumama inji na uku ta ƙone. Saƙo bai je wa kowa ba. Ƙararrawar injin ta yi ta kuka a rufaffen ɗaki, maigadi yana can bakin get. Jiya Litinin muka buɗe, ƙwai dubu tara sun yi sanyi kamar duwatsun rafi. Injiniya ya canza hitar, yana gamawa Manaja ya karɓe makullansa, ya ce ya zauna a gida sai Mai gona, wadda wurin nata ne, ta dawo daga tafiya.

Laraba, biyar da rabi na yamma. Kwana goma sha ɗaya.

Yau ma a motar haya na tafi. Shekara biyu a bayan babur ɗin Injiniya nake zuwa, yana tsokanata, wai in riƙe shi da kyau kar iska ta kwashe kayan surukai. Yanzu babur ɗin na jingine a zaure, hulunan kwano biyu rataye a hannunsa.

Mun haska ƙwan inji na uku ni da Inna. Ita ce tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a nan, ta riga injunan zuwa. A ɗaki mai duhu nake miƙa mata tire, tana ɗora fitila a gindin ƙwai. Mai rai za ka ga jijiyoyi kamar saiwar ciyawa, da ɗigo yana motsi. Wanda ya mutu, zoben jini ne kawai a zagaye.

"Ya tafi. Ya tafi. Wannan ma ya tafi," in ji ta. "Kai, ga wani mai taurin kai, yana nan. Angona, ajiye shi gefe, irinka ne."

Ban yi dariya ba. Ta ɗago fitilar ta haska fuskata.

"Kai ma bari in duba ko da rai a ciki."

Abin da ban rubuta jiya ba: ranar Litinin, da aka shiga ɗakin kwamfuta ana hayaniya, na leƙa bayan tebur. Kebul ɗin yana ƙasa, an tura shi can lungu. Ba ni na mayar da shi ƙasa ba.

Alhamis, bakwai na yamma.

Na wanke tire ɗari da ashirin. Ban yi magana da kowa ba.

Juma'a, ɗaya da rabi na rana. Kwana goma sha uku.

Manaja ya kira ni ofis. Na tsaya a bakin ƙofa saboda takalmina a jiƙe yake. Ya ce in shigo haka nan, shi da ba ya son ko sawun ƙuda a kan tayil ɗinsa. Ya miƙo mini sabon takalmin roba a cikin leda.

"Naka ya huje, na gani. Ya gida? Ya surukin naka?"

Na ce lafiya lau, yallaɓai.

"Abin ba daɗi. Amma kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kai dai ka riƙe aikinka, ka ji?"

Wata bakwai ina roƙon takalmin nan. Ya yi mini daidai, kamar an auna. Na sa shi a ƙarƙashin benci, na ci gaba da tsohon.

Asabar, huɗu na yamma. Kwana goma sha huɗu.

Rabin wuni muke yi ran Asabar. Na dawo na tarar da Injiniya a tsakar gida da tsohuwar kwamfutarsa a cinya, yana tura wa kansa saƙo. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya sake turawa. Yaya ta ce tun safe haka yake.

"Ka gani? Yana zuwa," ya ce mini. "Sau ɗari na gwada tsarin nan, sau ɗari yana zuwa. To me ya hana shi ran Asabar?"

Na zauna a kan bokiti. Na ce, Yaya Injiniya, wai ta ina saƙon ke fita?

Ya ji daɗin tambayar, don kwana biyar ba wanda ya tambaye shi komai sai "ya haƙuri". Ya ce kwamfutar wurin aiki ƙofa biyu gare ta. Ɗaya ta iska, waifai, wadda ba a ganin igiyarta, ta nan saƙo ke fita duniya. Ɗaya ta kebul, tana zuwa wani tsohon akwati a ofis. Da can akwatin ne ke ba da intanet, amma an yanke layinsa, yanzu firinta kaɗai yake kaiwa.

"Ita kwamfuta in ta ga biyun a buɗe, kebul take zaɓa. Kamar direba ne, ya ga kwalta ya ga burji, sai ya hau kwalta. Ba ya tambaya ko gadar gaba ta karye. Alamar waifai tana nan a cike, kowa ya duba ya ce lafiya, alhali saƙo yana can tsaye a bakin karyayyar gada."

Na ce, to ba a iya amfani da su tare?

"Ana iyawa mana. Gaya mata za ka yi, wannan ƙofar ta cikin gida ce, waccan ta fita. Aikin awa ɗaya ne, amma sai an dakatar da sa idon, an gwada. Sau uku ina neman izini, Manaja yana cewa bari a fitar da wannan zubin. Sai na cire kebul ɗin na naɗe masa kai da jan salatef. In za a buga takarda in soka, a gama in zare. Kuma ran Litinin na leƙa, yana ƙasa. Ba shi ba ne."

Ya ce da za su bar shi da kwamfutar minti goma, da ta gaya masa, don tana rubuta duk abin da aka soka mata da lokacin da aka zare.

Yaya ta kawo abinci. Na ce cikina ne ba daɗi.

Lahadi, goma sha ɗaya na safe.

Jan salatef ɗin yana aljihun rigar aikina. Ban san me ya sa ban jefar ba. Ni da ba na barin ko ɓawon gyaɗa a aljihu.

Lahadi, biyar na yamma.

Yaya ta shigo ɗakina da kayan da ta kwaso daga shanya. Cikinta ya tsufa, da ƙyar ta zauna a bakin katifa. Ta ninke rigar aikin Injiniya, ta warware, ta sake ninkewa.

"Auta, kai ne idona a can. Me ake cewa?"

Na ce ba a cewa komai.

"Ƙarya kake, tun kana goye na san ƙaryarka. Kunnenka ke motsi."

Na ce ana cewa sakaci ne.

Ta ce akwai wani gidan kaji da suka daɗe suna zawarcinsa, jiya ya kira su sau biyu ba su ɗauka ba. Sana'ar nan ƙarama ce, in ƙwai ya mutu a wuri ɗaya, warin har ko'ina. Ta ce ba aikin ne ya fi damunta ba, mutumin ne. Ya fara cewa ƙila kansa ne ya fara taɓuwa, ƙila ya kashe wani abu ya manta.

"Allah ya sa dai kai ba su taɓa naka ba. Ko ba komai mutum ɗaya yana fita da safe."

Ta shafa kaina kamar da. Bayan ta fita na daɗe ina kallon ƙofar.

Litinin, bakwai na yamma.

Tire ɗari da arba'in. A mota wani ya taka ni, ya ba ni haƙuri, na ji daɗi da aka yi mini magana.

Talata, biyu na rana. Kwana goma sha bakwai.

Manaja ya same ni a wurin wanki. Ya tsaya nesa da ruwan. Ya ce Mai gona za ta dawo Litinin mai zuwa, ƙarfe tara za ta zo nan. Kwamfutar kuma ta nuna ba ta da amana, akwai mai gyara a kasuwa da zai goge ta tas ya zuba sabon tsari.

"Ran Litinin da bakwai ka ɗauko ta ka sa mini a mota. Ba na son Mai gona ta tarar da tarkace."

Na ce to, yallaɓai.

"Ina takalmin?"

Na ce ina tattalinsa ne.

Ya dube ni. "Tsaf-tsaf, mai tsaftar hannu yakan yi tsaftar baki. In magana ta fito, kan ƙarami take faɗawa. Ni tausayinka nake ji."

Ƙila ma da gaske tausayin nawa yake ji. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Laraba, shida na yamma. Kwana goma sha takwas.

Yau ake kwashe ƙwai daga tire zuwa kwandunan ƙyanƙyasa. Na inji na uku da suka rage ba su cika layi biyu ba. Wani baragurbi da ya tsere wa fitila ya fashe a hannuna. Na wanke sau huɗu, har yanzu ina jin warin a biron nan.

Inna ta ce, "Angona, tsintsiyarka ta yi yaji ne? Mako biyu ke nan ba ta shiga bayan teburin kwamfuta. Har gizo ya kafa gida ya yi aure."

Na ce ɗakin a kulle yake yawanci.

"Uhm. Shekara talatin ina leƙa cikin ƙwai ba tare da na fasa ba. Wanda ya mutu a ciki, ko ka mayar da shi inji ba ya tashi. Kumbura yake, ya fashe, ya ɓata na kusa da shi."

Na ce, Inna, maganar ƙwai kike?

"Da maganar me zan yi? Miƙo tire."

Alhamis, biyar da rabi na yamma.

Na yi niyya yau. Na shirya maganar tun daga mota. Na shigo na tarar yana goge babur, ya ce, "Mutumina, zo ka koyi tuƙi, kuɗin mota na cinye ka. Ni ba inda nake zuwa." Ya riƙe bayan babur ɗin yana bina da gudu a layi, yana cewa in saki kuloci a hankali, ba wuyan kaza ba ne. Har ya yi dariya, ta farko tun ranar. Ta yaya zan faɗa a lokacin?

Juma'a, bakwai da kwata na safe.

Mako biyu cif.

Asabar, uku na rana. Kwana ashirin da ɗaya.

Ranar ƙyanƙyasa. Inji na ɗaya da na biyu, tun daga get kake jin kukan 'yan tsaki kamar kasuwa ta ci. Na sa kunne a ƙofar na uku. Fanka kawai. Sai can, tsiyau ɗaya, sai shiru, sai wata. Inna ta ce waɗanda suka sha sanyi sukan makara, a ba su zuwa gobe.

Na tsaya a wurin har aka kira ni. A cikin ƙwai dubu tara ba wanda ban ɗauka da hannuna na jera ba, kai mai faɗi sama, tsini ƙasa.

Ni na soka kebul ɗin. Ni na ɓare salatef ɗin, don na ɗauka datti ne. Har na goge kan da tsumma, na ji ya yi ƙas da ya shiga, na ji daɗi a raina cewa abu ya koma wurinsa. Garin gyaran gira.

To, ga shi na rubuta.

Lahadi, shida na yamma.

Na faɗa masa bayan azahar, a zaure. Ban iya jera magana ba, salatef ɗin na ciro na ɗora a kan kujerar babur.

Ya ɗauka ya jujjuya. Ya ce, "Yaushe?" Na ce Juma'a da safe. Ya ce, "Tun ran Asabar waccan da na yi maka bayani ka sani?" Na ce e.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya ajiye salatef ɗin inda na sa shi, ya ce, "Kwana takwas ina zaton na haukace, kana zaune a kan bokiti kana kallona." Ya shiga ciki ya ja labule. Bai tambaye ni komai ba bayan haka, ni ma ban ƙara ba.

Yaya ta ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ba ta ƙwanƙwasa ba. Na ji ƙarar kwanon a ƙasa, na ji tafiyarta.

Gobe bakwai zan ɗauki kwamfuta in sa a mota. Haka aka ce mini.

Litinin, biyar na yamma.

Motar farko na shiga, shida da rabi ina wurin aiki. Dokar gidan ƙyanƙyasa ce, bayan kowace ƙyanƙyasa a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a rufe ƙofa awa biyu da rabi, ko Mai gona ba ta shiga. Aikina ne, kuma ni ke zaɓar ta inda zan fara. Yau na fara da barandar da ke kaiwa ɗakin kwamfuta. Na fesa, na ja ƙofa, na rataya allon, na rubuta ƙarfe tara da alli, na zauna a kan benci.

Bakwai Manaja ya zo. Ya karanta allon sau biyu.

"Me na ce maka?"

Na ce yallaɓai, dokar feshi ce, kai ka sa hannu a kanta.

Ya kama hannun ƙofar, warin ya doke shi, ya saki. Ya faɗi abubuwa da yawa a kaina da kan wanda ya kawo ni. Na ci gaba da zamana. Zama dai na iya shi. Inna ta zo ta zauna a ɗaya gefen bencin, ta ce ƙafarta ce ke ciwo, nan ne inuwa.

Tara saura Mai gona ta iso. Ban taɓa yi mata magana ba sai gaisuwa. Na durƙusa na ce, ranki ya daɗe, kafin a taɓa kwamfutar ina da magana. Na ba ta salatef ɗin, na faɗa mata abin da na yi.

Ta sa aka kira Injiniya a waya. Ya zo a babur, bai dube ni ba. Ko minti goman bai cika ba ya juyo mata da fuskar kwamfutar. An soka kebul Juma'a bakwai da minti ashirin da biyu. An buga takarda shida bayan minti uku. An zare shi Litinin bakwai saura minti goma. Ya ce a lokacin nan ni da shi muna kan hanya, maigadi ya rubuta shigowarmu bakwai da biyar. Ya kuma ce shi ma da nasa laifin, salatef ba gyara ba ne, kuma bai gaya wa mai shara ma'anarsa ba.

Ta ce ya gyara yanzu, a gabanta. Ya gaya wa kwamfutar ƙofar cikin gida da ƙofar fita, ya soka kebul ɗin, ya zare ma'aunin zafin wani inji da ba ƙwai a ciki. Wayoyi biyu suka yi ƙara tare, firinta kuma tana bugawa. Ta miƙa masa makullansa.

Ni ta ce in je gida sai ta neme ni. Ba don kebul ba, in ji ta, don kwanakin da na yi shiru. Ban ga laifinta ba. Na bar sabon takalmin a ƙarƙashin benci a ledarsa.

Inji na uku ya fitar da ɗari huɗu da 'yan kai. Inna ta ce mai taurin kan nan yana ciki, wai ta gane shi.

Ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, babur ya tsaya. Injiniya ya miƙo hular kwano ta biyu. Ashe ya taho da ita tun daga gida. Muka iso gida. Yaya ba ta fito ba tukuna. Zan jira.

Saura abin da na bari a shafin farko. Mai gona ta tambaye ni wa ya zare kebul ɗin ran Litinin, na ce ban gani ba, ba zan faɗi abin da ban gani ba. Ta ce, to da ka soka shi ran Juma'a, wa ya gani? Na faɗa mata a gaban kowa, zan rubuta a nan ma.

Baƙi za su zo ranar, ana son takardu, Injiniya yana can wurin janareto. Wanda ya ja mini teburin don hannuna ya kai, ya ce in cire wannan jan ƙazantar in soka, zai zare in ya gama, Manaja ne. Yana tsaye a kaina da kofin shayi a hannu.